Sun sayi riɗin, sanin kuma suka tafi da shi kyauta

A ƙarshen daminar bara, ana dab da fara yankan riɗi, wasu samari uku suka sauka a ƙauyenmu da ke tsakanin Gumel da Maigatari, cikin wata farar mota mai ɗauke da tambarin wani kamfanin sayen amfanin gona. Bayan sun kai gaisuwa ƙofar gidan mai gari, aka tara musu manoma a gindin darbejiyar da ke bakin masallaci, suka zaro manyan wayoyinsu suka shiga jero tambayoyi. Wane iri kuke shukawa, fari ko ja? Me ya sa kuke gauraya irin da yashi kafin shuka? Wace ƙasa ya fi so, jigawa ko mai laka? Ta yaya kuke gane ranar da ya isa yanka, kafin ƙwansonsa ya fashe ya zube a ƙasa? Wani dattijo da ya shafe fiye da shekara hamsin yana wannan noma shi ya ɗauki mafi yawan amsoshin, ya bayyana musu yadda ganyen ƙasa ke fara yin ɗorawa-ɗorawa idan lokaci ya yi, da dalilin da ya sa yake jinkirta shuka har damina ta zauna, da yadda ya riƙa ware irinsa shekara da shekaru daga tsirran da ba su saurin fashewa. Samarin suka rubuta komai, suka bi shi gona suka ɗauki hoto, suka sa alamar wurin a taswirar wayarsu, suka ɗebi irin cikin 'yar leda. Da za su tafi suka raba huluna da lemon kwalba, kowa ya yi musu godiya.

Da yamma dattijon ya tare ni a hanya ya ce, "Malam, yaran nan kuwa me za su yi da wannan surutu nawa?" Na ce masa, "Baba, ba surutu ka yi ba, kaya ka ba su." Ya yi dariya ya wuce, don a ganinsa kaya shi ne abin da ake ɗora wa a sikeli. Ni kuwa tun ranar maganar take cina. Ra'ayina shi ne, manyan kamfanonin da ke da rassa a ƙasashe da yawa sun daɗe da gane cewa sani haja ce mai tsada, suna kuma yawon nemansa ƙasa-ƙasa kamar yadda fatake ke neman goro, alhali mu har yau buhu kawai muke yi wa ciniki. Ban ga laifin wanda ya zo nema ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda muke zama a teburin ciniki ba tare da mun san rabin abin da muka zo da shi ba.

Wannan lamari ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. Lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga kaya a 1912, auduga Turawa suke hari domin masaƙun Ingila. Manoman ƙasar Kano suka auna, suka ga masaƙan gida sun fi biyan auduga da daraja, gyaɗa kuwa ta dace da jigawarsu, ana ci, ana sayarwa a biya haraji, sai suka karkata gare ta. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauye ko ɗaya ba, ba su san wanda za a ba bashi ya dawo da shi ba, ba su san wace kasuwa ke ci wace rana ba. Fataken goro ne suka san duk wannan, shi ya sa aka riƙa damƙa musu kuɗi su shiga karkara, kuma daga cikinsu ne Alhassan Ɗantata ya zama babban mai sayen gyaɗa ga kamfanin Neja, wanda kamfanin sabulu na Lever Brothers ya saye a 1920, daga baya aka haɗa shi cikin kamfanin United Africa Company (UAC) a 1929. Dalar gyaɗar da muke alfahari da ita an gina ta ne da jarin Bature da sanin Bahaushe. Fataken sun samu rabonsu saboda sun san darajar abin da ke kansu, sun kuma riƙe shi a hannunsu. Majeman Kano ba su yi wannan sa'a ba, domin fatar jar akuyar Sakkwato da suka jeme ta ƙetare hamada ta shiga Turai da sunan fatar Maroko, kuma ko a yau yawancin abin da ke fita daga masana'antun Challawa da Sharaɗa fata ce da za a ƙarasa aikinta a Italiya ko Sifaniya, a ɗinka jaka, a buga mata sunan wani.

Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne neman sanin ya zama sashe mai zaman kansa a cikin kamfani, da ma'aikatansa da kasafin kuɗinsa. A da, kamfani yakan yi bincikensa a gida, a Amurka ko Jamus ko Japan, sa'an nan ya aika da kayan da ya ƙera zuwa sauran duniya. Yanzu kuwa yana kafa cibiyar bincike a duk inda ya hango masu ilimi da araha ko kasuwa mai wuyar fahimta. Kamfanin General Electric ya buɗe babbar cibiya a Bangalor ta Indiya a 2000, kuma a can ne injiniyoyi suka ƙera ƙaramar na'urar auna bugun zuciya mai aiki da batir, wadda likita zai rataya ya shiga ƙauye da ita, daga baya aka sayar da irinta har a ƙasashen masu arziki. IBM ya buɗe cibiyarsa a Nairobi a 2013, Google ya buɗe tasa a Akara a 2019. Idan kuma kamfani ya ga wasu yara sun riga shi gano hanya, ba ya tsayawa koyo, sai ya saye su da kamfaninsu baki ɗaya, kamar yadda Stripe na Amurka ya saye Paystack na Legas a 2020. Akwai kuma hanyar da ba ta da surutu, wato ɗaukar nauyin bincike a jami'a, ko ɗauke ƙwararren ma'aikaci da duk abin da ke kansa.

Hanyar da ta fi shafarmu a karkara ita ce ta zuba ido a kan yadda talaka ke rayuwa. Duba wayar da ke aljihun kusan kowane saurayi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Kamfanin Transsion na birnin Shenzhen a Sin, mai Tecno da itel da Infinix, bai fi Samsung ko Nokia fasaha ba lokacin da ya shigo Afirka. Abin da ya yi shi ne ya lura cewa mutum yana riƙe layi biyu ko uku saboda sabis yakan ɗauke kuma kira tsakanin kamfanoni yana da tsada, ya lura cewa caji sai an kai shago an biya, ya lura cewa kyamarorin da ake da su ba su fitar da fuskar baƙin mutum da kyau. Sai ya ƙera waya mai gurbin layi biyu, mai batir mai daɗewa, mai kyamarar da aka daidaita da launin fatarmu, har da Hausa a cikin harsunanta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan darussa daga wurinmu aka koye shi. Haka ma a tukunya. Ɗanɗanon da matan Hausa suka saba samu daga daddawar kalwa shi ne abin da masu dunƙulen miya suka yi ta ƙoƙarin kamawa, har kamfanin Cadbury ya taɓa fitar da wani dunƙule mai suna Dadawa, Nestlé kuma ya buɗe cibiyar bincike a Abijan a 2009 domin nazarin hatsi da abincin yankinmu. Tsohuwar da ke dafa kalwa kwana da yini ta rufe ta da ganye har ta nuna ba ta taɓa jin labarin wannan cibiya ba, kuma jikokinta sun fi son dunƙulen.

Har nan, mutum zai iya cewa kasuwanci ne kawai, wanda ya fi lura shi ya fi samu. Inda abin ke yin muni shi ne lokacin da aka ɗauki sanin jama'a aka yi masa takardar mallakar ƙirƙira, wadda ke hana kowa amfani da shi a kasuwa na tsawon shekara 20 sai da izinin mai takardar. Ita kanta darbejiyar da muka zauna a gindinta ranar, wadda aka kawo mana daga Indiya a zamanin Turawa, ta shiga irin wannan shari'a. A 1994 ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya ba kamfanin W. R. Grace da ma'aikatar gona ta Amurka takardar mallakar wata hanyar kashe cutar tsirrai da man darbejiya, alhali manoman Indiya sun gaji yin haka tun kaka da kakanni. Sai da aka kai 2000 kafin a soke takardar, aka kuma tabbatar da sokewar a 2005. An yi makamancin haka da kurkum a Amurka, inda aka yi wa amfani da shi wajen warkar da rauni rajista a 1995, aka soke a 1997. Abin lura a shari'ar kurkum shi ne hujjar da ta yi aiki. Ba a karɓi "kowa ya sani" ba, tsofaffin rubuce-rubuce aka kawo a gaban jami'an ofishin rajistar ƙirƙira. Wannan ne ya sa Indiya ta kafa rumbun adana ilimin gargajiya a kwamfuta a 2001, domin duk ma'aikacin rajista a duniya ya duba kafin ya sa hannu. Mu da muke da kundayen malamai cike da bayanin itatuwa da saiwoyi a rubuce da ajami, muna barin gara tana cinye su a cikin adaka.

Mutanen Kano kuwa sun ɗanɗana nau'in da ya fi kowanne ɗaci, domin wani lokaci sanin da ake nema yana cikin jikin mutum ne. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, rabinsu aka ba su sabon maganin, rabi aka ba su wanda aka saba. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta yin ba daidai ba ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dala miliyan 75. Ɓarnar ba ta tsaya a kan waɗannan gidaje ba, domin wannan labari na cikin abubuwan da aka riƙa kafa hujja da su lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003.

Duk da haka, ba na tare da masu cewa a rufe ƙofa, a kori duk wanda ya zo da takarda da biro. Dalilina na farko shi ne sani yana zuwa mana kamar yadda yake fita. Irin waken nan da ake kira SAMPEA 20-T, wanda aka amince da shi a 2019 saboda yana jure tsutsar da ke huda furen wake da ƙwansonsa, ya ratsa nahiyoyi uku kafin ya iso gonakinmu: ƙwayar halittar da ke ba shi kariya kamfanin Monsanto ne ya ba da ita ba tare da neman la'ada ba, masanan Ostireliya suka dasa ta a cikin wake, masanan cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya suka gwada shi suka daidaita shi da ƙasarmu. Na san akwai masu ƙyamar irin da aka taɓa ƙwayar halittarsa, kuma muhawararsu tana da wurinta, amma manomin da ya rage yawan feshi ya san abin da ya rage masa a aljihu. Buhun nan mai ruɓi uku da ke kashe ƙwaron wake ba tare da magani ba daga jami'ar Purdue ta Amurka dabararsa ta fito. Da mun rungume shi da wuri, da wataƙila Tarayyar Turai ba ta hana shigar da wakenmu a 2015 ba saboda yawan piya-piyar da 'yan kasuwa ke zuba masa. Su ma samarin da suka zo garinmu, wani ɓangare na tambayoyinsu saboda masu saye a Japan ne, waɗanda ba su karɓar riɗi sai sun san abin da aka fesa masa.

Dalili na biyu ya fi zafi, amma gaskiya ce. Sanin da ke kan dattijo ba ya zama haja a duniya sai an bi da shi ta ɗakin gwaji, da masana'anta, da jari mai haƙuri. Ganyen da Sinawa suka ciro maganin zazzaɓin cizon sauro daga cikinsa ɗan'uwan tazargade ne, kuma ya daɗe a littattafan likitancinsu, amma sai da Tu Youyou da abokan aikinta suka sha wahalar tace shi, abin da ya kai ta ga lambar Nobel a 2015, sa'an nan kamfanin Novartis ya yaɗa haɗin da muke saya a kemis da sunan Coartem. Mu ma mun taɓa kama hanya. Cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta karɓi wani haɗi na masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace daga hannun wani mai maganin gargajiya, ta inganta shi ya zama Niprisan na masu ciwon sikila, ta kuma sa sunan mutumin cikin masu haƙƙi, wanda abin yabo ne. Amma kamfanin da aka ba lasisin sarrafa shi ya durƙushe, maganin ya yi wuyar samu. Riƙe sani a ƙirji ba tare da ƙarfin sarrafa shi ba bai taɓa cika wa kowa rumbu ba.

Saboda haka tambayar da ta dace a yi wa kowane kamfani ita ce, me za ka bari idan ka tafi? Sin ba ta kori kowa ba. Ta ce wa kamfanonin mota, irin su Volkswagen da ya shiga Shanghai a 1984, in kuna son kasuwarmu sai ku yi tarayya da kamfanin gida. Ta yi wa Siemens da Kawasaki da Alstom irin wannan sharaɗi a kan jirgin ƙasa mai gudu, cewa sai an koya wa injiniyoyinta aikin, yau ga shi ita ke shimfiɗa wa wasu layin dogo, har da mu. Nijeriya ba ta da ƙarfin faɗa a ji irin na Sin, wannan gaskiya ne, amma tana da hukumar NOTAP tun 1979, wadda aikinta shi ne duba yarjejeniyar shigo da fasaha, ga kuma dokar kare haƙƙin masu fitar da sabon iri ta 2021. Matsalar ita ce waɗannan duka suna kallon kamfani da kamfani ne, ko masani mai digiri, ba su hango manomin da ya kwashe shekara talatin yana tace irinsa a gefen gona ba. Kuma kada mu ruɗi kanmu da cewa cibiyar bincike tana zama inda ba a shirya mata ba. Microsoft ya buɗe cibiyar injiniyoyi a Legas a 2019, ya rufe ta a 2024, ta Nairobi kuwa ta ci gaba da aiki.

Akwai misalin da nake ganin ya fi kusa da halinmu. A Afirka ta Kudu, bayan doguwar tattaunawa, masu sana'ar ganyen shayin rooibos sun amince a 2019 su riƙa biyan al'ummun Khoi da San kashi 1.5 cikin ɗari na farashin da ake sayen ganyen daga gona, saboda kakanninsu ne suka fara sanin amfaninsa. Kuɗin ba shi da yawa, amma an amsa cewa sanin yana da masu shi. Abin da ya ba su ƙafar tsayawa shi ne yarjejeniyar Nagoya ta 2010, wadda ta ce sai da yardar al'umma ake ɗaukar albarkatun halittarta da ilimin da ke tattare da su, kuma a raba amfanin da aka samu, sa'an nan sun je teburin ne ta hannun majalisunsu masu lauyoyi. Jigawa tana da riɗi, tana da zoɓon da ake sha a Meziko, tana da ƙaron da ke shiga lemon kwalba da alewa a Turai. Da manoman waɗannan abubuwa za su riƙa magana da baki ɗaya ta ƙungiyoyinsu, da ba za a ci gaba da kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba. Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa, da cibiyar noman ƙasa mai ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero, suna iya tura ɗalibai su rubuta kowane irin gargajiya da sunansa, da garin da ya fito, da gidan da ya riƙe shi, da Hausa, a ajiye kwafi ɗaya a jami'a, ɗaya kuma a fadar hakimi. Aikin bai fi ƙarfin ɗaliban shekarar ƙarshe ba, waɗanda ko ta yaya sai sun rubuta kundin kammala karatu.

Na kai wa mai gari wannan magana bayan sallar Juma'a, na ce, "Ranka ya daɗe, in yaran nan suka dawo bana, kada a hana su tambaya, amma a yi musu tamu." Muka zauna da shugaban ƙungiyar manoma muka tsara abin da za a nema: su faɗi wanda ya aiko su da inda bayanan za su je, su bar mana kwafin abin da suka rubuta, su dawo mana da sakamakon gwajin ƙasa da na iri a harshen da muke ji, kuma duk irin da za a ɗiba a rubuta sunan mai shi a takarda, mai gari ya sa hannu, su ma su sa. Shugaban ƙungiyar ya nuna tsoron kada kamfanin ya yi fushi ya koma sayen riɗi a garin gaba, kuma tsoronsa yana kan hanya, shi ya sa aka ɗora masa nauyin zagaya ƙauyuka huɗun da ke kewaye da mu kafin kaka. Dattijon kuwa, da na je na karanta masa abin da muka rubuta, sai ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar gora cike da irin, ya ce in fara rubuta cewa daga wurin kawunsa ya samo shi, shekarar da aka yi babban fari.